Jiniya Ba Ta Kama Ɓarawo

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa isa shagonsa da sassafe ya tarar da kwaɗo a karye, ko rufin kwano a ɗage, ba ya buƙatar dogon bayani kan dalilin da ya sa na'urar ƙararrawar ɓarayi take samun kasuwa a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. Abin da a da sai a bankuna da ofisoshin jakadanci ake ganinsa, yau ya sauko har cikin shagunan sayar da wayar salula, da kantunan magani, da ɗakunan ajiyar shinkafa da sukari, da gidajen ma'aikatan da ke wuni babu kowa a ciki. Kayan suna shigowa daga Sin da Dubai, wasu ta hanyar Kano, kuma farashinsu ya sauka har mai matsakaicin jari yana iya saye. Wanda ya saya sai ya kira yaron da ke haɗa masa wayar wuta ya ɗaura masa, a gwada sau ɗaya, jiniya ta yi kuka, a yi murna, kowa ya kama gabansa. Sau da yawa ba a shawarci maƙwabci ba, ba a shaida wa mai unguwa ba, ofishin ƴan sanda kuwa bai san da zancen ba.

Babu laifi ga mutum ya tsare dukiyarsa, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. To amma ita wannan na'ura ta bambanta da kwaɗo da ƙofar ƙarfe. Kwaɗo yana aikinsa shiru, tsakaninsa da mai shago kawai. Ita kuwa jiniya kira ce, kuma unguwa duka take kira. Idan ta yi kuka da ƙarfe biyu na dare, wa ya wajaba ya taso? Da wane iko zai taso? Idan ƙarya ta yi, wa zai ɗauki nauyin barcin da aka hana mutane, da man motar sintiri da aka ƙona a banza? Idan kuma jama'a suka fito da sanduna suka far wa wanda bai ji ba bai gani ba, alhakin a wuyan wa yake? Waɗannan tambayoyi sun fi ƙarfin mai shago shi kaɗai. Aikin hukumar birni ne ta amsa su a rubuce, cikin ƙa'ida gajera wadda kowa zai iya karantawa, tun kafin mummunar al'ada ta kafu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yana da kyau a fara da sanin yadda abin yake aiki. Mafi yawan waɗannan na'urori sassa huɗu gare su. Akwai maganaɗisu da ake mannawa a jikin ƙofa ko taga, wanda ke ba da labari da zarar an buɗe. Akwai ido da ake ɗaurawa a kusurwar ɗaki, wanda ke jin ɗumin jikin mutum idan ya gifta. Akwai akwatin da ke karɓar labarin, mai batir a ciki, wanda sau da yawa ake sa masa layin waya domin ya kira mai shago ko ya aika masa saƙo. Sai kuma ita jiniyar da ke waje. Babu ko ɗaya cikin waɗannan sassa da ya san ɓarawo. Maganaɗisu ya san ƙofa ta motsa, ido ya san wani abu mai ɗumi ya wuce, iyakar iliminsu ke nan. Ko ɓarawo ne, ko kyanwa ce, ko yaron shago ne da ya dawo ɗaukar wayarsa ya manta lambar kashewa, kukan iri ɗaya ne.

Yanayin ƙasar nan kuwa yana ƙara wa na'urar saurin yin ƙarya. Iskar hunturu tana girgiza ƙofofin ƙarfe har maganaɗisu ya goce daga mazauninsa, ƙura tana rufe idon. Ɓera da gafiya, waɗanda ba a raba su da wurin ajiyar hatsi, suna tayar da jiniya kamar yadda mutum zai tayar. A watannin Afrilu da Mayu matsalar takan juya: tun da idon yana aiki ne da bambancin ɗumi tsakanin jikin mutum da abin da ke kewaye da shi, idan bangon shago mai rufin kwano ya yi zafi ya kusa kai ɗumin jiki, ganinsa yakan ragu, ɓarawo na gaske ya wuce ba a ji komai ba. Batir ma zafi yana cin ransa. Irin wanda ake sawa a waɗannan akwatuna, kwanansa yakan ragu da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10 sama da 25. Daɗin daɗawa ga ɗaukewar wuta. Ba a manta ba, a watan Agusta na 2023 Najeriya ta katse wutar da take sayar wa kamfanin NIGELEC, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar, ba a kuma maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Na'urar da batirinta ya mutu, ko dai ta yi shiru lokacin da ake buƙatarta, ko ta fashe da kuka duk sa'ad da wuta ta tafi ko ta dawo. Layin wayar da ke cikinta kuwa, in ba a zuba masa kuɗi ba har aka rufe shi, mai shago yana can yana barci da tunanin akwai mai tashinsa, alhali babu.

Ƙasashen da suka riga shiga wannan harka sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma akwai darasi a cikin abin da ya same su. A Amurka, wani littafin jagora da ma'aikatar shari'a ta buga domin ƴan sanda ya nuna cewa a shekarar 2002 kaɗai ƴan sanda sun amsa kiran irin wannan ƙararrawa kimanin miliyan 36, abin da ya ci kusan dala biliyan 1.8, kuma tsakanin kashi 94 zuwa 98 cikin ɗari na kiraye-kirayen ƙarya ne. Wato a cikin fita ɗari, da kyar a samu shida da aka tarar da alamar sata. Ga shi kuwa can babu hunturu mai ƙura irin na Sahel, wuta ba ta yawan ɗaukewa, masu ɗaura na'urar kuma sun koyi aikin. Babban dalilin da aka gano shi ne kuskuren masu amfani da ita: an manta lamba, an bar taga a buɗe, an ba sabon ma'aikaci makulli ba a koya masa kashewa ba.

A can, kowane birni shi ke tsara tasa doka. Da yawa sun wajabta yin rajista, suka kuma sa tara mai hauhawa a kan wanda na'urarsa ta maimaita ƙarya. Wasu sun wuce nan. Birnin Las Begas tun 1991, da Solt Lek Siti, babban birnin jahar Yuta, a shekarar 2000, sun yanke cewa ƴan sanda ba za su fita don kukan na'ura kawai ba, sai wani mutum, mai gadi ko mai gida ko maƙwabci, ya tabbatar da akwai alamar fashi. A Solt Lek Siti fitar ƴan sanda saboda ƙararrawa ta ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Amma birnin Dalas, wanda ya ɗauki irin wannan mataki a kan wuraren kasuwanci a 2006, ya soke shi a 2007 bayan ƙorafin masu shaguna, waɗanda suka ga an bar su su je su yi arangama da ɓarayi da kansu. Darasin Dalas shi ne, dokar da aka ɗora wa ƴan kasuwa ba tare da an samu yardarsu ba, kuma ba a tanadi wanda zai je ya duba a madadinsu ba, ba ta yin ƙarko.

A Ingila, tun 1995 ƙungiyar shugabannin ƴan sanda ta kafa ƙa'idar cewa na'urar da ake son ƴan sanda su amsa kiranta sai an ba ta lambar shaida, sai kuma kamfanin da aka amince da shi ne ya ɗaura ta. A tsarin da ake bi yanzu, idan na'ura ta yi kiran ƙarya uku cikin watanni 12, ana janye mata amsar ƴan sanda har sai an gyara ta. Wata doka ta 2005 kuma ta ba ƙananan hukumomi ikon wajabta wa mai na'ura ya ba da sunan wanda ke riƙe da makulli, ta kuma ba jami'in hukuma ikon zuwa ya kashe jiniyar da ta yi minti 20 tana kuka babu tsayawa, ko ta yi awa guda tana yi tana tsayawa, in dai tana damun maƙwabta. Idan sai an fasa ƙofa kafin a kai gare ta, to sai da takardar izinin alƙali. A Faransa, wadda yawancin dokokin gudanar da mulki na ƙasar nan daga wajenta aka gaje su, dokar 12 ga Yuli 1983 ce ta tsara aikin kamfanonin tsaro masu zaman kansu, kuma tun 2001 aka ƙara cewa kamfanin da ke sa ido daga nesa ba zai kira ƴan sanda ko jandarmomi ba sai ya bincika ya kawar da shakka. In ya kira a banza, ana iya cin sa tarar da ta kai yuro 450, wato kimanin jaka 295 na kuɗin sefa. Batun jiniyar da ake ji daga kan titi kuwa, magajin gari ko wakilin gwamnati na yanki ne ke tsara shi, kuma a garuruwa da yawa ba a yarda ta wuce minti 3 tana kuka ba.

Waɗannan ƙasashe uku sun sha bamban a tsarin mulki, amma sun haɗu a kan abu guda: na'ura ba ta da ikon ba ɗan sanda umurni, kuma wanda ya ɗaura ta shi ke da alhakin ƙaryarta. Sai dai ba a ɗauko dokarsu a kwafa ido rufe ba, domin akwai abin da ya bambanta Maraɗi da Dalas. A can, abin da ake tsoro shi ne ɓata lokacin ƴan sanda. A nan, wanda ke fara amsa kira jama'ar unguwa ne. Tun kaka da kakanni, idan aka yi ihun ɓarawo, kowane namiji mai lafiya yakan fito da abin da hannunsa ya kai gare shi, kuma wannan zumunci ne ya tsare unguwanni shekara da shekaru. Amma mai ihu mutum ne: ya ga wani abu da idonsa, ana iya tambayarsa ina ɓarawon ya bi, wace riga ya sa, kuma in ƙarya ya yi za a kama shi da ita. Jiniya ihu ce marar ido, marar baki, wadda ba ta jin kunya. Jama'ar da ta tasa daga barci ba su da wanda za su tambaya, sai su kama na kusa. Na kusa kuwa a tsakar dare shi ne almajirin da ya kwanta a rumfa, ko mai tura ruwa da ya yi sammako, ko baƙon da mota ta sauke a tasha yana neman masauki. Kowa ya san abin da taron fushi ke iya yi wa mutum kafin a tambaye shi sunansa. Rai guda da aka rasa a irin wannan hali ya fi duk kayan da ke cikin shagon.

Akwai kuma hatsari na biyu, wanda yake kishiyar na farko. Jiniyar da ta tashi mutane sau biyar a wata babu komai, a karo na shida ba wanda zai ɗaga kai daga matashi. Ɓarayi sun san wannan sarai. Mai wayo a cikinsu yakan girgiza ƙofa dare biyu ko uku ya ɓuya, har mai shago ya gaji ya kashe na'urar da hannunsa, ko maƙwabta su daina kulawa, sa'an nan ya dawo ya yi aikinsa a natse. Ta haka na'urar da aka saya don ta ƙara tsaro take kashe tsohon tsaron da unguwa ke da shi, wato kunnen maƙwabci. Mai shagon da ya bar jiniyarsa tana ƙarya, har da maƙwabtansa yake cuta, domin ranar da wani zai yi ihu na gaskiya, mutane sun riga sun koyi juya kwanciya.

Sai batun adalci. Motar sintiri da man da ke cikinta da mutanen da ke kanta dukiyar jama'a ce, an saye su da harajin mai shago da na mai sayar da ƙosai. Babu kwamishinan ƴan sandan da ke da motoci fiye da buƙatarsa. Duk fitar da aka yi zuwa ƙofar attajirin da ɓera ya tayar wa jiniya, an ɗauke ta ne daga wata unguwar talakawa inda ake buga lamba 17 ana jira. Idan ba a tsara abin ba, sannu a hankali sintirin dare zai koma gadin masu iya sayen na'ura, ko kuma masu iya sa wa mota mai, sauran jama'a kuwa su dogara ga Allah da sandunansu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da tun Taron Ƙasa na 1991 ake nanata cewa ƴan ƙasa daidai suke a gaban hukuma.

To wa ke da ikon tsara wannan ƙa'ida? Ba sai an jira wata babbar doka daga Yamai ba. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yulin 2004 aka fara kusanto da mulki ga jama'a, kuma kundin dokokin ƙananan hukumomi na 17 ga Satumba 2010 ya ɗora wa magajin gari alhakin kula da tsari da natsuwa da lafiyar jama'a a cikin garinsa. A wannan shekara ce kuma aka ba Yamai, da Maraɗi, da Tawa, da Damagaram matsayi na musamman na manyan birane. A watan Afrilu na 2024 mahukuntan soja suka rushe majalisun da aka zaɓa, suka naɗa kantomomi a madadinsu. Nauyin dai bai gushe ba, ya koma kan wanda ke zaune a kujerar. Amma tun da babu zaɓaɓɓun mashawartan da za su yi muhawara a kan abin, ya ƙara zama tilas ga kantoma ya nemi jama'a da kansa: shugabannin kasuwa, da majalisar ƴan kasuwa, da masu unguwanni, da ƙungiyoyin ma'aikata, da kamfanonin gadi, da ƴan sanda, da ƴan kwana-kwana. Dokar da aka rubuta a ofis aka liƙa a bango ba tare da an ji ta bakin kowa ba, makomarta irin ta Dalas ce.

Ƙa'idar da ake buƙata ba ta da tsawo. Na farko, rajista: duk mai na'urar da ake jin kukanta daga waje ya kai sunansa da wurin da take ga ofishin gundumarsa, a ba ofishin ƴan sanda mafi kusa da mai unguwa kwafi. Na biyu, masu makulli: ya ba da sunayen mutum biyu da lambobin wayarsu, waɗanda suka san kashe na'urar kuma suke iya isowa cikin minti 20, domin Alhaji yana iya kasancewa a Kwatano ko a Makka ranar da abin zai tashi. Na uku, iyakar kuka: jiniyar waje ta tsaya da kanta bayan ƴan mintuna kaɗan da za a ƙayyade, wadda ta ƙi tsayawa kuma hukuma ta sami ikon kashe ta a gaban mai unguwa. Kusa da asibiti da gidan haihuwa a hana jiniyar waje gaba ɗaya, a bar wadda ke kiran waya shiru. Na huɗu, tabbatarwa: kafin a kira ƴan sanda, mai gadi ko mai makulli ya duba daga nesa, ko a gani ta kyamara, ko kuma sassa biyu daban-daban na na'urar su ba da labari ɗaya bayan ɗaya. Ba a ce kowa ya shiga ya yi kokawa da ɓarawo ba. Ganin ƙofa a fashe ya isa shaida. Wanda kuma ya danna maɓallin neman ceto domin ana yi masa fashi ido da ido, wannan kira na mutum ne, amsa shi wajibi ne nan take.

Na biyar ya shafi masu ɗaurawa. Wanda ya ɗaura na'ura ya san inda kowace waya ta bi, ya san lambar kashewa, ya san inda ido ba ya gani. Babu wanda ya fi shi sanin yadda za a shiga shagon. Don haka ya kamata a san shi da suna da mazauni a wurin hukuma, ya ba mai shago takardar aikin da ya yi, ya kuma nuna masa yadda zai sauya lambar sirri a ranar da aka gama. Haɗin wayar ma a duba shi, musamman a cikin kasuwanni, inda shaguna ke manne da juna. Duk wanda ya tuna gobarar Babbar Kasuwar Yamai ta 1982, wadda sai a 1987 aka sake buɗe ta, ko ta Ƙaramar Kasuwa a 2012, ya san abin da wuta ke yi wa dukiyar dubban mutane a dare ɗaya. Na shida, a wajabta duba batir da layin waya aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin shigowar bazara. Na bakwai, kyamarar da ke tafiya tare da waɗannan na'urori ta tsaya a kan ƙofar mai ita da harabarsa. Leƙa tsakar gidan maƙwabci, inda iyalinsa suke, cin mutunci ne a al'ada da addini, kuma tun 2017 ƙasar nan take da dokar kare bayanan sirri na mutane.

Hukunci kuwa ya zama na gyara. Ƙarya ta farko da ta biyu a shekara, gargaɗi a rubuce ya wadatar. Daga ta uku a sa tara, wadda ke ƙaruwa in aka maimaita, har a kai ga cire jiniyar. Amma a auna tarar da aljihun mutanen ƙasa. Jaka 295 ta Faransa daidai take da albashin wata bakwai na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙanƙantar albashi, wanda aka ɗaga zuwa jaka 42 daga farkon 2024. Irin wannan tara a nan babu abin da za ta haifar sai cin hanci a bakin ƙofa. A nan ne ma babban abin tsoro yake. Ƴan kasuwa sun san yadda kyakkyawar ƙa'ida take rikiɗa ta zama sabon tikiti, bayan patanti da kuɗin rumfa da na shara da na allon talla. Idan rajistar ta zama hanyar cika asusun hukumar birni, mutane za su ɓoye na'urorinsu, amfanin rajistar ya tafi. Ya kamata ta kasance kyauta, ko a kan kuɗin tambari kaɗai, tarar kuma a biya ta a baitulmali da rasiɗi, a bayyana wa jama'a a ƙarshen shekara nawa aka tara kuma ina aka kai shi. Haka nan kada a mayar da izinin ɗaurawa ya zama gonar kamfani ɗaya na ɗan'uwan wani babba. Duk wanda ya cika sharaɗi a ba shi, ko da matashi ne mai takardar makarantar koyon sana'a da jakar kayan aiki.

Akwai mutum guda da bai kamata a manta da shi ba a cikin wannan lissafi, shi ne mai gadi. Wasu masu shaguna suna sayen na'ura ne da niyyar su sallami tsohon da ya shekara ashirin yana kwana a kan tabarma a ƙofarsu. Wannan gurguwar dabara ce. Abin da biranen Amurka da Ingila da Faransa suka gano bayan sun kashe maƙudan kuɗi shi ne, sai da idon mutum na'ura take da amfani, idon nan kuwa kasuwannin ƙasar nan sun daɗe da shi. Mai gadi ya san yaron shago daga baƙo, ya san kukan ƙofar da iska ta kaɗa daga wadda ake ɓalla. Abin da ya rasa shi ne waya mai kuɗi a ciki, da tocila mai haske, da albashin da zai hana shi gyangyaɗin yunwa, da lambar da in ya buga za a ɗauka. Layi guda na kasuwa zai iya haɗa kuɗi ya riƙe masu gadi biyu ko uku da aka yi musu rajista, a haɗa na'urorin shagunan duka da wayoyinsu. Wannan ya fi jiniya ashirin, kowace tana kukanta, babu mai amsawa.

Ita kanta gwamnati ba ta fita daga cikin wannan ƙa'ida ba. Ofisoshin kuɗi, da ɗakunan ajiyar magani, da rumbunan hatsin tallafi, da makarantun da aka ba kwamfutoci, duk wurare ne da ɓarayi ke hari, kuma ma'aikacin da ke riƙe da makulli shi ake fara tuhuma idan abu ya ɓace. Shi ya fi kowa buƙatar tsari a rubuce: wa ya san lambar, yaushe aka sauya ta bayan an yi wa wani canjin wurin aiki, wa ake kira da dare, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka tanadi batir da gyara. An sha ganin kayan da aka saya da tsada a bikin buɗe gini, bayan shekara biyu sun zama ado a bango domin ba a ware ko tamma don kula da su ba. Hukumar da ke son ta ci talaka tara saboda jiniyarsa, sai ta fara gyara tata.

Wani zai ce, a lokacin da ƴan bindiga ke satar mutane da shanu a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, ana kuma zubar da jini a Tilaberi da Difa, wa ke da lokacin zancen jiniyar shago? Amsar tana cikin tambayar. Saboda jami'an tsaro suna da aikin da ya fi wannan nauyi, shi ya sa bai halatta a bar ɓera da mataccen batir su riƙa aikensu ba. Ƙa'idar nan ba ta buƙatar tallafin waje, ko sabuwar ma'aikata, ko taron bita a otal. Littafin rajista ne, da takarda shafi biyu da aka fassara cikin Hausa da Zabarmanci aka karanta a rediyo, da zama ɗaya ko biyu da waɗanda abin ya shafa. Birnin da ya fara, sauran za su kwaikwaya.

Hausawa sun ce kwana ɗari na ɓarawo, kwana ɗaya na mai kaya. Amma wannan kwana ɗaya ba ya zuwa sai idan an yi kira an samu mai amsawa, mai amsawar kuma ya san abin da doka ta ba shi da abin da ta hana shi. Ya rage ga kantomomin Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa su kira shugabannin kasuwa da masu unguwanni su zauna tun yanzu, kafin wata jiniya ta jawo a ɗauki gawar bawan Allah daga bakin titi, a koma ana ihu bayan hari. Ya rage kuma ga ƴan kasuwa su nemi wannan zama da kansu, su je da shawarwarinsu a hannu, maimakon su jira a yanke musu. Allah ya tsare dukiyar bayinsa da rayukansu, ya ba shugabanni ikon yin abin da ya dace a kan lokaci.